Makaranta Shida, Habsu Ɗaya

Maijirgi, tsakiyar damina.

Zuwa ga autata Habsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki A'i da dukan mutanen gidanta a Tasawa. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutum. Mu nan ƙalau muke, ruwa ya zauna. Labarin gida kuwa kya ji shi a bakin Innarki, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya kira ni a waya. Ai na gwada. Duk abin da na faɗa sai ki ce "To, Baba." Ko cewa na yi yau rana ta yamma ta fito, "To, Baba" za ki ce. Shi ya sa na koma ga takarda, don ki karanta a inda ba na ganin fuskarki, ki yi mini musu a zuci son ranki.

Gwaggonki ta zo bikin suna nan makon jiya, ta tsegunta mini abin da kike ɓoyewa. Ta ce tun da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, ba ki ƙara cin tuwon kirki ba. Ta ce makarantu shida kike shirya wa dosiye, wato takardun neman shiga, duk na karatun kwamfuta, wannan da kuke ce wa anformatik, kuma kusan kowace akwai wanda ya ɗora miki ita. Ita kanta ta ba ki ɗaya a Damagaram. Kawunki Sale na Mayahi ya ba ki ta Kano. Yayanki Lawali ya ba ki biyu a Yamai don ki zauna gidansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarrabawar shiga ta Kano da ta wata makarantar a Wagadugu sun faɗo mako guda, ɗaya a Kano za a rubuta, ɗaya a Yamai, ke kuma wai kina lissafin motar da za ta kai ki duka biyun. Habsu, babu wannan motar. In kika ci gaba a haka, damina za ta wuce, makarantu su buɗe, ke kina tsakar gidan gwaggonki da tulin takardu, shekara ta tafi a banza.

Mutane za su ce ruwan ido ne ya kama ki. Ni na san ba shi ba ne. Kara ce, kuma a wurina kika gado ta. Don haka zauna ki ji abin da ta ja mini, da abin da wauta ta ja mini tun kafin ita.

Ni ban san kwamfuta ba, ba kuma zan yi miki ƙaryar sani ba. Amma na taɓa zaɓen makarantar koyon na'ura, na kuwa zaɓa da ido. A shekarun da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, ba saurayin da ya ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, da ba ya mafarkin zama komi, wato akawu, ya sa farar riga ya zauna a biro, ofishin aiki. Gyaɗa ce ke mulkin ƙasar nan a lokacin. In kaka ta yi, buhuna sai sun tsere wa soraye tsawo a Tasawa, kuma masu sayenta na neman yaran da suka iya buga takarda da mashin. Sai wani mutum ya zo daga kudu ya buɗe makarantar daktilo a wani zaure kusa da tasha. Allon da ya kafa a ƙofa ya fi zauren faɗi, da hoton mashin an zana shi yana ƙyalli. A bayan kasuwa kuma akwai wani tsohon komi da ke koya wa yara ƙalilan a kan wani tsohon mashin mai ƙara kamar ana ɓarar gyaɗa. Ba allo, ba suna. Na leƙa sau ɗaya na taɓe baki, na nufi mai allo.

Mashin ɗaya ne a makarantar tamu, kuma lulluɓe yake da ƙyalle a kan teburin mushe, wato malamin namu, ba mai taɓa shi sai shi. Mu kuwa kowa aka ba shi guntun katako an kafa masa marafan kwalba da ƙusa, an rubuta harafi a kan kowane marfi. A kansu muka yi rani guda muna bugawa muna rera haruffa kamar masu karatun allo. Wallahi na ƙware. Ido rufe nake bugawa, har 'yan'uwana na taruwa kallo.

Ranar gwaji a biron masu sayen gyaɗa aka zaunar da ni gaban mashin na gaske. Ashe maɓallansa nutsewa suke yi, marfin kwalba kuwa bai taɓa nutsewa ba. Na kai hannu da saurin da na saba, sai ƙarafunan haruffan suka taso gaba ɗaya suka sarƙe. Na warware su da yatsa, tawada ta ɓata mini farar rigar da na aro. Da ƙyar na kai ƙarshen layin farko, sai na ji ƙararrawa ta yi ƙara. Ba wanda ya taɓa gaya mini mashin na da 'yar ƙararrawa a ciki da ke bugawa in layi ya cika. Na zaci lokaci ne ya ƙare. Na miƙe na zare takardata na miƙa da hannu biyu.

Mai gwajin ya dube ni ya ce, "Kai, ina za ka tahi?"

Na ce, "Ai an buga ƙararrawa, ranka shi daɗe."

Dariyar da aka yi a biron nan har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi. Ɗaya daga cikin yaran bayan kasuwa aka ɗauka.

To kada ki zaɓi makaranta da allonta, ko da kyan hoton da ke jikin takardar tallarta. Ki tambaya mutum nawa ke zama kan na'ura ɗaya. Ki tambaya in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, karatu ake ci gaba da yi ko hira. Kuma ba mai makarantar za ki tambaya ba, shi kasuwarsa yake ci. Ki nemi ɗalibin da ya shekara a ciki, ki ce ya faɗa miki tsakaninsa da Allah yaushe rabon da ya taɓa na'ura da hannunsa, kuma waɗanda suka gama bara ina suke yanzu, gwamnati ta san da takardarsu ko ba ta sani ba. Na sa gwaggonki ta kwatanta mini tata ta Damagaram, na saurara da kyau. Buga takarda da aikin sakatariya ake koyarwa a can, an dai rubuta anformatik a ƙofa. Sana'a ce mai kyau, amma ke da bakinki kika ce mini ba buga takarda kike so ba, so kike ki iya rubuta wa na'urar umarni ta yi aikin da babu wanda ya koya mata a da. Na riƙe wannan maganar ko da ban fahimce ta duka ba. Ki cire ta Damagaram. Gwaggonki ma da na yi mata bayani cewa ta yi, "Yo ni mi na sani, na dai ji an ce akwai kwamfuta ciki."

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai, ita ce kuma tamu ni da ke.

Da aikin komi ya ƙi, na dawo Maijirgi na kama hauya. Shekarar da na auri Innarki, mahaifina ya yanka mini gayauna guda ya ce in sa gyaɗa, abin da ta ba ni nawa ne. Kafin ruwan shuka sai kakanki, mahaifin Innarki, ya aiko mini da iri daga garinsu, Sarkin Hausa. Mai yaɗo ce, irin gidansu tun kakanni, tana shimfiɗa a ƙasa, tana kuma jan lokaci kafin ta nuna. Ba a jima ba malamin gona ya zo a kan kekensa da sabon irin da gwamnati ke yayi, 'yar Dakar, mai tsayawa cak, mai saurin nuna. Da yake na yi lakwal, ni ya fara ba, ya ce in zama abin misali a gari. Sai kuma wani abokina da muke haɗuwa a kasuwar Gidan Amumune ya ɗauro mini wata ja a ƙyalle, ya ce bai yarda ya ba kowa ba sai ni.

Gayauna ɗaya, iri uku, kuma kowannensu ya ce zai biyo ya ga yadda nasa ya yi. Surukina ba a ce masa a'a. Malamin gona ya girmama ni a gaban mutane. Abokina ya nuna mini ƙauna. Na rasa wanda zan kalla in ce masa ba ni da wuri. Ko raba gonar gida uku ban yi ba, don kada wani ya zo ya ga an ba nasa gefen da ba shi da kyau. Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce: na juye su duka a ƙwarya ɗaya na gauraya, don duk wanda ya zo, duk inda ya tsaya, ya ga nasa.

Innarki tana amarya, ko sunana ba ta faɗa. Tana ɓarar irin ta juya wa bango fuska ta ce, "In sunka tashi nuna, wace za a bi?" Na ce mata Allah Zai nuna mana. Ta ci gaba da ɓara. Har yau in muka yi saɓani sai ta ce, "To, Allah Zai nuna mana," ta ci gaba da aikinta, ni kuma in san da ni take.

A tsakiyar damina ba gonar da ta kai tawa kyau a Maijirgi. Kore shar, ba ka ganin ƙasa. Duk su ukun sun zo, kowa ya ga nasa, kowa ya sa mini albarka. Na riƙa tafiya a gari ina jin kaina.

Sai 'yar Dakar ta nuna. Na je in tuge ta, na tarar mai yaɗo ta bi ta kanta ta ƙarƙashinta ta nannaɗe ta. Ba yadda za ka ciri ɗaya ba ka tumɓuke ɗayar ba, ita kuma mai yaɗo ko ƙwaya ba ta gama ɗaurawa ba. Na ce bari in jira. Ina cikin jira aka yi wani ruwa na ƙarshen damina, 'yar Dakar kuwa ba ta haƙuri da laima in ta nuna, sai ta fara tsirowa a cikin ƙasa. Da na tona na ga farin tsiro ya fasa ɓawo, hankalina ya tashi, na tara mutane muka tuge gonar gaba ɗaya. Wadda ta nuna ta tsira ta lalace. Wadda ba ta nuna ba, in ka matsa ɓawon sai ruwa. Ta abokina tana tsakiya, ba ta kai nan ba ba ta kai can ba. Da na kai abin da na tsinta wurin awo, mai awon ya cusa hannu a buhu, ya damƙo ya duba, ya mayar, ya ce da na bayana ya matso.

Duk wannan bai kai zafin zuwana Sarkin Hausa ba. Na durƙusa gaban kakanki na faɗa masa abin da ya faru, ina jiran ya ce ai don girmama shi na yi. Sai ya ce, "Isuhu, da ka hwaɗa mini ba ka da wuri, da na ba wani. Irin wanga tun ubana muke ajiyar shi. Kai kunyata ka ji, ni kuwa irina ka kashe mini."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Na guji ɓata masa rai na minti ɗaya, na ɓata masa na shekara.

Ki dubi abin da kike yi, Habsu. Kina karanta Turancin Ingilishi da safe saboda ta Kano, lissafi da rana saboda ta Wagadugu, da yamma kina bin layin buga hatimi saboda na Yamai. Kowa ya leƙo ya ga tasa a hannunki ya sa miki albarka. Ranar jarrabawa ce za ta nuna ba ki shirya wa ko ɗaya ba. Kawunki ba don ya ga dosiye ya kawo maganar Kano ba, so yake ki zama mutum. In kika faɗi duka saboda jin kunyarsa, shi ma kin cuce shi.

Ba na kushe ta Kano. Amma duk karatunki da Faransanci kika yi, can kuwa sai kin koma koyon harshe kafin a fara maganar na'ura, kuma ita ce ke karo da wadda ranki ke so. Kada ki ce ban sani ba. Da kika zo Salla, an jera miki sunayen makarantun nan kina ta sunkuyar da kai. Da aka zo kan ta Wagadugu, wadda ke kika binciko ta da kanki, sai da furarki ta tsinke a ƙwarya kina ba ni labarin ɗakin na'urorinsu da abin da ɗalibansu ke ƙerawa. Ban gane rabin abin da kika faɗa ba, amma na ga fuskarki.

Ga shawarata, kuma ba zan sassauta ta ba. Biyu za ki bari. Ɗaya wadda kike so, ki ba ta ƙarfinki duka. Ɗaya kuma ta komawa in Allah bai nufa ba, kuma kada jarrabawarta ta yi karo da ta farkon. Cikin biyun Yamai ki sa Lawali ya kai ki ki shiga da ƙafarki, ki ga na'urorin a kunne, ki ɗauki wadda ta fi, ki bar masa ɗayar. Zai yi 'yar fushinsa ta yayye, kwana biyu ya huce. Maganar kawunki kuwa, ranar kasuwar Mayahi mai zuwa zan hau kabu-kabu in zo Tasawa in ɗauke ki mu tafi tare. Zan zauna kusa da ke, amma ke za ki buɗe baki. Ki gode masa, ki faɗa masa dalilinki, ki nemi albarkarsa. Muryarki za ta yi rawa, ba komai, ki bar ta ta yi rawar ki dai kai ƙarshen maganar. Wanda zai je wata ƙasa karatu dole ya fara koyon wannan a gida.

In kin ƙirga za ki ga saura ɗaya ban taɓa ba. Ina ta kewaye ta tun farkon takardar nan.

Ta Maraɗi tawa ce. Ni na ce miki, ranar da za ki koma, wai na ji akwai wata a Maraɗi, ga ta kusa, mutum ya zo gida duk ƙarshen wata. A tsaye na faɗa, kamar maganar wucewa. Gwaggonki ta ce ita kika sa a gaba, dosiyenta kika fara haɗawa, alhali ke da kanki kin gaya mata na'urorinsu ba su taka kara sun karya ba. Da na ji haka na kasa cin abinci.

Bari in ba ki labarin ƙarshe, gajere ne. Bayan shekarar gaurayen nan, da aka fara kafa ƙungiyoyin manoma, an zaɓe ni in je Yamai a horar da ni aikin kula da su. Na zo na gaya wa mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Ba ta ce komai ba, ta dai ci gaba da kaɗinta. Kwana da kwanaki ba ta tayar da maganar ba. Na duba na ga mahaifina ya rasu bai daɗe ba, na ce shirun nan nata ƙi ne. Ban tambaye ta ba, na je na ce a ba wani. Sai bayan shekaru, tana jinyar da ba ta tashi ba, ta ce mini, "Isuhu, mi ya hana ka tahiya Yamai? Ni har na daka maka dakuwar guzuri na ɓoye cikin tukunya. Da na ga ka hwasa, na raba ma yara." Ashe shirunta na mai haɗiye kuka ne don kada ta karya mini gwiwa. Ni na zauna dominta, ita kuma ta yi ta zaton ni ne ba na son tafiyar. Ban yi da-na-sanin zama kusa da ita ba, amma na yi na rashin tambaya.

To ni ba zan bar ki kina fassara ni ba. Ga abin da ke cikina a fili. Na tsufa, idona ya fara gajiya, ke ce auta, kuma ina tsoron ki yi nisa wani abu ya same ni ba kya nan. Wannan tsoron ne ya yi magana ranar, ba ilimi ba, don ban san komai a kan makarantar Maraɗi ba sai kusancinta. Tsoron nawa ne, ni zan ɗauki kayana, ba ke ba. In kika zauna a Maraɗi kina koyon abin da bai kai wanda kike so ba don ki riƙa kawo mini gaisuwa duk wata, duk zuwan da za ki yi sai na ji kunyar haɗa ido da ke. Na janye ta. Ki cire dosiyenta daga cikin kayanki yau, kada ki jira sai na zo.

Ki tashi ki ci abinci, ki yi barci, ki kama lissafinki. In kin ci, alhamdu lillahi. In ba ki ci ba, ga ta Yamai, kuma ba wanda zai ce ba ki yi ƙoƙari a kan abu ɗaya ba. In tafiyar ta tabbata, ki riƙe sallarki, ki nemi masauki tun kafin ki taka mota, ki zaɓi ƙawaye a hankali yadda na ce ki zaɓi makaranta.

Innarki tana gaishe ki. Na karanta mata takardar nan, ta ce in cire maganar ƙararrawa don kada ki raina ni, na ce a bar ta. Ki gai da gwaggonki, ki gode mata da tsegumin da ta yi.

Allah Ya buɗa miki ƙirji ranar jarrabawa, Ya sa hannunki kada ya yi rawa. Allah Ya kai ki inda alherinki yake ko da ya yi mini nisa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya dawo mana da ke lafiya. In da rabon mu gana bayan kin gama, Ya nuna mana. In babu, Ya sa abin da kika koyo ya amfani mutane, ladan ya iske ni inda nake.

Ranar da za ki zo sallama, kada ki durƙusa kina tambayata ko na yarda. Na yarda tun yau, da hannuna na rubuta.

Mahaifinki,
Isufu